Sayar da Kwancen Tufafi ta Intanet: Ko Kwalliya Tana Biyan Kuɗin Sabulu?

A rangadin makarantu da na yi watan jiya na sauka a wata makaranta ta bakin hanya, yara sun fita tara. Na iske malamai uku a ofis sun shimfiɗa wata kaftani bisa tebur, ɗaya yana ta ɗaukarta hoto da wayarsa. Da na tambaya, sai mai rigar ya ce ta yi masa kaɗan, ga albashi ya ƙare wata bai ƙare ba, shi ne zai sa ta a intanet ko Allah ya kawo mai saye. Sa'an nan ya juyo ya ce, "Ranka ya daɗe, a ganinka wannan abu yana biya kuwa?" A ranar ban ba shi amsa sosai ba. Tun da na ga ba shi kaɗai ne ke cikin wannan hali ba, akawuna da malamai da yawa da iyalansu sun shiga, na ga ya kamata mu zauna mu yi lissafin abin a natse.

Mu fara da inda wannan ciniki ya fi ƙarfi, watau ƙasashen Turai. A shekarar 2008 wata mace mai suna Milda Mitkute, a birnin Vilnius na ƙasar Lituweniya, za ta yi ƙaura, tufafi sun yi mata yawa. Ita da wani abokinta, Justas Janauskas, suka buɗe wuri a intanet don ta rabu da su. Wannan shi ne asalin kamfanin Vinted, wanda yau mutane miliyoyi a Faransa da Ingila da Jamus ke saye da sayarwa a cikinsa. Abin lura shi ne, kamfanin kansa sai da ya shekara goma sha biyar kafin ya ga ribar shekara, a 2023. Cinikin ya bunƙasa har daga Janairun 2024 hukumar haraji ta Ingila ta wajabta wa irin waɗannan kamfanoni su riƙa kai mata sunan duk wanda ya yi ciniki 30 ko fiye a shekara, ko ya sami abin da ya haura Yuro 2,000.

To, me ya sa abin ya zauna a can? Dalili uku ne. Na farko, a Vinted ba a cire wa mai sayarwa la'ada, mai saye ne ke biyan ɗan ƙari bisa kuɗin kaya. Na biyu, kamfanin ne ke riƙe kuɗin mai saye, ba ya sakar wa mai kaya sai kaya sun isa hannu, saboda haka babu mai tsoron a cuce shi. Na uku, aika ƙunshi daga gari zuwa gari abu ne mai sauƙi, kowane gida da lambarsa, kowace unguwa da wurin ajiyewa da karɓa. Duk wanda ya ji labarin Baturiyar da ta kwashe akwatinta ta sami kuɗi, ya tuna bisa waɗannan duwatsu uku tukunyarta ta ke zaune.

A nan wajenmu fa? Muna da Jiji, wanda aka kafa a Ikko a 2014, muna da kasuwar Facebook, ga kuma WhatsApp inda mata da yawa ke baje kayansu. Amma galibin waɗannan allon talla ne kurum: su haɗa ka da mai saye, sauran kuwa tsakaninku. Babu amintaccen da ke riƙe kuɗi a tsakiya. Mai saye yana tsoron ya biya kaya su ƙi zuwa, mai kaya yana tsoron ya aika kuɗi su ƙi shigowa. Ga 'yan damfara masu turo saƙon banki na ƙarya, mutum ya saki riga, sai ya duba asusunsa ya ga wayam. In mai sayen yana wani gari, sai ka tafi tasha ka ba direba, ka biya, ka yi ta bugun waya har saƙo ya isa. In ya buɗe ya ce launin bai yi daidai da na hoto ba, sabuwar magana ta tashi.

Akwai kuma wani abu da ke danne farashi, wanda masu sa kaya a intanet kan manta, shi ne gwanjo. Abin da Turawa suka kasa sayarwa, ko suka ga bai isa wahalar talla ba, akwatin sadaka su kan jefa shi. Daga nan a tantance, a ɗaure diloli, a yi jirgin ruwa da su zuwa Afirka. An ƙiyasta tufafi wajen miliyan 15 ke shiga kasuwar Kantamanto ta birnin Akra kowane mako, kasuwar da gobara ta cinye yawancinta a farkon Janairun 2025. Nijeriya ta daɗe da sa gwanjo cikin kayan da aka hana shigowa da su, amma ta Kwatano da Lome ya kan biyo, duk wanda ya taka kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ya ga shaida. Saboda haka in kana da tsohuwar shat ko wando irin na Turawa, abokin gasarka ba maƙwabcinka ba ne, dila ce. Mai saye ba zai ba ka fiye da abin da zai biya a gaban mai gwanjo ba, inda zai taɓa da hannunsa, ya ɗaga wa rana, ya gwada a jikinsa.

Yanzu mu yi lissafi irin na akawu. Mafi ƙarancin albashi da aka zartar a 2024 Naira 70,000 ne a wata. In aka raba shi bisa kwana 22 na aiki, kowace rana awa 8, awa guda ta tashi kusan Naira 400. Mu ɗauka, don misali kawai, kana da riga wadda za ta sayu Naira 3,000. Wanki da guga su ci 500, kuɗin data da kiran waya 200, zuwa da komowa wurin haɗuwa da mai saye 600. Saura 1,700. Ɗaukar hoto, da rubuta bayani, da amsa wa mutum goma masu tambayar "nawa ne gaskiya" sa'an nan su ɓace, da jiran wanda ya ce yana tafe, a ce duka awa uku, watau Naira 1,200 ko a ma'aunin ma'aikaci mafi ƙanƙanta. Abin da ya rage maka Naira 500 ke nan, in an yi sa'a rigar ta sayu. In ba ta sayu ba, wanki da data sun tafi a banza.

Sai mu juya lissafin. A ce babbar riga ce ta shadda mai aikin hannu, ko leshi da aka ɗaura sau biyu a biki, ko alkyabba, abin da zai iya kai Naira 40,000. Wahalar ɗaya ce: hoto guda, tafiya guda, awa ukun nan dai. Amma abin da zai rage a hannunka ya isa ya rage wani abu a kuɗin makarantar yaro. Ga shi kuma irin waɗannan kaya ba sa zuwa cikin dila, don haka gwanjo ba ya karya musu farashi, intanet kuwa tana iya kai hotonsu ga mai nema a garin da ba ka taɓa zuwa ba. Watau ƙa'idar ita ce, wahalar sayarwa ba ta ƙaruwa ko raguwa da darajar tufa, riba ce ke bin daraja. Haka nan kayan yara, waɗanda su kan yi kaɗan tun ba su tsufa ba, in aka haɗa goma ko ashirin aka yi musu kuɗi ɗaya, tafiya guda ta wadatar.

Kada kuma mu manta muna da tamu hanya tun kafin a san waya. Dillaliya ta kan shiga gida gida da ƙunshinta, ta karɓi zane a nan ta kai can, ta kawo kuɗi ta cire la'adarta. Abin da a ke biyanta dominsa ba tafiyar kaɗai ba ce, har da riƙon sirri. Matar da lalura ta sa ta fid da zanen lefenta, babu mai jin daga wane ɗaki ya fito. Hoto a intanet ba ya rufa wannan asiri. Kishiya ta san zanen, ƙawaye sun gan shi ranar suna, kafin la'asar magana ta zaga unguwa. Ga kuma ba baƙon da ba a sani ba lambar waya da kwatancen gida, abin da mai hankali ba zai so wa iyalinsa ba. La'adar dillaliya, in aka auna ta da wannan, ba ta yi tsada ba.

Sauran abu guda wanda ba ya shiga littafin lissafi, a ganina kuwa shi ne mafi nauyi. A al'adarmu kwancen mai albashi yana da masu shi. Akwai ƙane a ƙauye, akwai almajirin gida, akwai mai gadi, akwai tsohon da ke zuwa gaisuwa ran Juma'a. Da yawansu rigar sallarsu ita ce wadda ka kwance bara. In kowane ma'aikaci ya mai da akwatinsa kanti, waɗannan bayin Allah su za su fara ji a jikinsu, ba kuwa za su yi magana ba. Rigar da za ta bar maka Naira 500 bayan wahalar awa uku, a wurin ƙanenka suturar shekara ce. Ban ce haramun ne mutum ya sayar da abinsa ba, musamman a wannan zamani na tsadar abinci. Na ce dai a san abin da a ke musanyawa da me.

Ga 'yan'uwana malamai kuma ina da jan kunne. Mai saye ba ya sanin lokacin darasi. In wayarka tana ƙara kana gaban allo, ka tsaya kana ciniki, awar da ka kashe ba taka ba ce, ta yara ce, an kuwa riga an biya ka kuɗinta. Haka akawun da ya bar mutane tsaye bakin taga yana aika hoton takalmi. Wanda zai yi, ya bari sai an tashi.

Amsata ga malamin nan, da duk mai irin tambayarsa, ita ce ya zazzage akwatin ya kasa kashi uku. Masu daraja ƙwarai, ya wanke, ya ɗauki hoto da hasken rana, ya faɗi aibinsu in akwai, ya sa a intanet ko ya ba dillali. Kada ya saki kaya sai ya ga kuɗi cikin asusunsa da idonsa, haɗuwa kuma a yi ta a bainar jama'a. Matsakaita, ya ba masu haƙƙi tun da sauran ƙarfinsu, kada ya jira sai sun zama tsumma. Waɗanda suka mutu kuwa a yi tsumman goge-goge da su. Kaftanin da na gani bisa tebur, in ban yi kuskure ba, ta kashi na biyu ce, na kuma san yana da ƙane a aji shida. Allah ya rufa mana asiri, ya sa albarka cikin ɗan abin da mu ke samu, amin.