Haraji Muna Biya, Amma Ina Malamin Lissafi?

'Yan'uwa a cikin Almasihu, tun da Shugaba Tinubu ya sa hannu a sababbin dokokin haraji a watan Yuni na 2025, gardama ta ƙi ƙarewa a kasuwannin Boɗinga da Shagari. Wasu na cewa talaka ya huta, tun da an yafe wa mai samun abin da bai wuce naira 800,000 a shekara ba. Wasu kuwa na cewa ai harajin kayan masarufi, wanda ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 bisa ɗari a 2020, yana nan a kan kowa.

Mu dai Littafi Mai Tsarki ya koya mana biyan haraji, a Romawa sura 13. Sai dai mai biya yana da ikon tambaya.

Ga inda kuɗin ya kamata su bi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 bisa ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin makarantun firamare da ƙananan sakandare, amma sai jiha ta ajiye nata rabon kafin ta karɓa. Albashin malamin firamare kuma daga kason ƙaramar hukuma yake fita. In kuɗi suka maƙale a hanya, ajin yaro ne ke ji a jika.

Gina aji abu ne da ido ke gani, shi ya sa 'yan siyasa ke sonsa. Horar da malami kuwa ba a yanka masa kyalle. A 2017 Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 suka faɗi. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Marigayi Alhaji Shehu Shagari malamin kimiyya ne a Midil ta Sakkwato kafin ya zama Shugaban Ƙasa a 1979. Ashe kuwa abin kunya ne yaron garinsa ya gama firamare bai iya raba lamba ba.

Wanda bai iya lissafi ba, ba zai gane an cuce shi a awon gero ba, balle a kasafin kuɗin gwamnati. Saboda haka iyaye, ku halarci taron iyaye da malamai tare da maƙwabtanmu Musulmi, ku tambaya: wa ke koyar da lissafi, wace takarda gare shi, yaushe aka biya shi? Ubangiji ya ba shugabanninmu tsoronsa. Amin.