Kafin Ki Sayi Ƙwayar Kemis, Leƙa Lambu



Kwanan baya wata baiwar Allah daga Maska ta zo mana da kwalbar ƙwayoyi a jaka. Sai da maigidanta ya sayar da masara ya sayo mata, don an ce masa suna ɗauke da “antiyoksidan” mai hana hawan jini. Tun da ta fara sha ta daina zuwa awo. Ranar da ta zo, fuska ta kumbura, jini ya hau. Allah Ya sa an tari abin da wuri.

Mene ne antiyoksidan? Ki ɓare farin goro ki ajiye, za ki ga ya yi ja saboda iska ta taɓa shi. Irin wannan canji yana faruwa a cikin jikinmu kullum, kuma idan ya yi yawa yakan yi wa ƙwayoyin halitta lahani. Antiyoksidan su ne sinadaran da ke rage wannan lahani, kamar bitamin C da bitamin E da sinadarin da ke sa karas da mangwaro launinsu.

Da farko masana sun yi zaton idan aka ba mai ciki waɗannan bitamin da yawa, za a kare ta daga hawan jinin da ke kai ga jijjiga. Sai aka gwada. A 2006, a Birtaniya, an yi bincike a kan mata kimanin 2,400. Ciwon bai ragu ba, sai ma aka sami ƙarin jarirai marasa nauyi a wajen waɗanda suka sha ƙwayoyin. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada a Indiya da Peru da Afirka ta Kudu da Biyetnam, a 2010 kuma aka gwada a Amurka da mata sama da 10,000. Duk ba a ga kariya ba. Shi ya sa a 2016 hukumar ta ce ba ta ba da shawarar a riƙa ba masu ciki ƙwayoyin bitamin C da E ba.

Abinci kuwa zancensa daban. Bincike ya sha nuna cewa masu yawan cin ganye da 'ya'yan itatuwa ba su cika kamuwa da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki kamar sauran mutane ba. Hukumar ta ce babba ya ci aƙalla giram 400 a rana. A ganina, mu mutanen Funtua da Malumfashi ba mu da uzuri. Ga zogale da rama da alayyahu a bayan gida, ga tumatir da tattasai na Ɗanja, ga gwaba da mangwaro da kabewa a lokacinsu.

Sai dai a kula da girki. Doguwar dahuwa da yawan kanwa suna kashe bitamin C. A wanke ganye da ruwa mai tsabta, a sa shi a ƙarshen girki. Zogale da kuka a shanya su a inuwa.

Kada ki fahimce ni baibai, 'yar'uwa. Ƙwayar ƙarin jini da folik asid da muke ba ki a wurin awo, ki sha su kullum, don an tabbatar da amfaninsu. Ki haɗa da lemo ko gwaba, domin suna taimaka wa jiki ya karɓi sinadarin ƙarfe. Shayi kuwa yana rage karɓarsa, sai ki ba da tazara.

Maigida, kuɗin kwalbar nan ka mayar da shi kuɗin cefane da na motar zuwa awo, aƙalla sau takwas kafin haihuwa. In ta yi kukan ciwon kai mai tsanani, ko gani dishi-dishi, ko kumburin fuska da hannu, a kawo ta asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Allah Ya sauke ku lafiya, amin.