Waiwaye: Mashi, Numfashi Ɗaya da Manyan Kifayen Teku

Tsibirin Gwadalupe dutse ne tsaye a cikin tekun Fasifik, kimanin kilomita 240 daga gaɓar Meziko. Wanda ya taso daga San Diyego ta Amurka sai ya kusa kwana da yini a jirgin ruwa kafin ya hango shi. Babu asibiti, babu otal, sai ƴan sojan ruwa da masunta ƙalilan. Abin da ya riƙa jan mutane can shi ne ruwansa garau, wanda mai nutso kan hangi abin da ke nesa da shi, da kuma garken manyan kifin tuna da ke ratsawa. Sai dai tsibirin matattarar dabbobin nan ne masu kitse da ake kira sil, kuma saboda su farin kifin shak yana nan yana gadi.

A 1973 wani gwanin farautar kifi da mashi, Al Schneppershoff, ya shiga ruwan nan neman tuna. Shak ya kama shi a ƙafa, jini ya ƙare masa kafin a iya yin komai. Ɗansa ƙarami yana cikin jirgin. Mai hankali zai ce daga ranar an yi sallama da wurin ke nan. Ina! Shekara tara bayan haka, a 1982, Terry Maas, wani likitan tiyatar baki daga Kalifoniya, ya nutsa a ruwan tsibirin ya soke tuna mai nauyin fam 398, wajen kilo 180. Kifin ya shiga kundin bajinta na duniya, kuma labarinsa ya zama abin da matasan masu nutso ke kwana suna mafarki.

Ya kamata a fahimci yadda wannan farauta take, don ba irin ta mai ƙugiya ba ce da ke zaune a inuwa yana jiran rabo. Ƙa'idar masu ajiye kundin ita ce babu tukunyar iska a baya. Numfashi ɗaya mutum zai ja ya cika huhu, ya kifa kai ya gangara. Bindigar hannunsa doguwar katako ce, babu harsashi, robobi ne masu kauri ake ja da ƙarfin damtse a maƙale, kamar danƙon yara amma na manya. Mashin ƙarfe ne, an ɗaura masa doguwar igiya da ta tafi har saman ruwa inda aka ɗaure ta ga wani abu mai yawo, aikinsa ɗaya da na gorar masuntanmu. Mafarauci ba ya bin tuna, don ba zai cim masa ba. Rataye yake yi shiru a cikin shuɗin ruwan da ba a ganin ƙasansa, ƙirji na zafi, yana kau da ido kamar bai damu ba, har son sani ya kawo kifin kusa. In ya harba ya samu, kifin kan finciki gorar ya nutsar da ita. Daga nan sai kokawa, kuma dole shi kaɗai zai gama da shi. Wani ya taɓa igiya, bajinta ta ɓaci. Duk wannan fa ana yi jini na bazuwa a ruwan da shak ke sintiri.

Abin mamaki, ba shak ne ya fi kashe masu nutso ba. Suma ce. Mai nutso da ya zauna ƙasa yana jiran kifi ya ƙara matsowa taku ɗaya yana cin iskar oksijin ɗin jikinsa bai sani ba, domin matsin ruwa na ɓoye masa ƙarancinta. Yana tasowa matsin ya ragu, sai ta yanke masa, galibi a mita goma na ƙarshe, yana ganin hasken rana. Ba ihu, ba fafutuka, sai ya koma ƙasa a hankali. Gwanaye ta fi ɗauka, saboda su ne suka iya danne kiran numfashi. Shi kansa Maas daga baya ya shafe shekaru yana ƙera wata riga da ke cika da iska da kanta ta taso da mai nutso in ya wuce lokacin da ya ɗiba.

Ni dai ban ga laifin jarumtar ba. A duk hanyoyin kamun kifi babu mai zaɓe kamar mashi: mutum na ganin abin da zai kashe, ba kamar komar manyan jirage ba da ke kwashe uwa da ƴaƴa. Lokacin da masana suka ce a 2016 tunan Fasifik masu haihuwa sun ragu zuwa ƙasa da kashi 3 cikin 100 na yawansu na asali, ba masu mashi suka jawo ba. Inda nake da ja shi ne kundin kansa. Kundi ba ya tambayar komai sai nauyi, kuma kifi mafi nauyi sau da yawa tsohuwar mace ce, wadda ƙwanta ya ninka na ƙananan sau da yawa. Wanda ya kafa tarihi yau ya sa wa na bayansa sharaɗin kashe wadda ta fi ta.

Jihar Fulorida ta Amurka ta ga ƙarshen wannan lissafi. Akwai wani ƙaton kifi a can, goliyat gurufa, da zai iya haura kilo 300. Ba ya tsoron mutum, tsayawa yake yana kallon mai nutso, kuma a ƙarshen bazara sukan taru a kan jiragen da suka nutse don yin ƙwai. Harbinsa kamar harbin saniya ne a turke. Aka yi ta ɗaukar hoto da su rataye a bakin tasha har suka kusa ƙarewa. Wanda ya tashi tsaye a kan a hana ba wani malamin jami'a ba ne. Don DeMaria ne, mai nutso da ya ci abinci da sayar da wannan kifi shekara da shekaru. Shi ya ga tarin da ya saba samu ya koma ƴan tsiraru, ya je gaban hukuma ya nemi a rufe sana'arsa da hannunsa. A 1990 aka haramta kama shi. A wurina wannan ta fi kilo 180 nauyi.

Mu ma ba baƙin gasar babban kifi ba ne. Tun 1934 ake fafatawa a Argungu kan wa zai fito da giwan ruwa mafi girma. Amma Kabawa sun haɗa gasar da wani abu: gurbin Matan Fada a hane yake sai lokacin biki, kuma Sarkin Ruwa ke da ta cewa. Kifin na samun watannin da zai yi ƙiba ba mai damunsa.

Gwadalupe kuwa, Meziko ta mai da shi yankin da aka keɓe a 2005, sannan a farkon 2023 ta rufe shi ga masu yawon buɗe ido da masu kamun kifi na nishaɗi. A shekarar ce kuma Fulorida ta sake buɗe kamun goliyat bayan shekara 33: kifi 200 kacal a shekara, ƙanana kawai, da ƙugiya. Mashi har yau an hana.