Daga Bakin Binuwai: In Za Mu Fito Titi, Da Wa Za Mu Fito?

Wata muhawara ce ta tashi a majalisarmu ta bayan la'asar a unguwar Hausare, nan Garwa, har yanzu kuwa ƙurarta ba ta kwanta ba. Wani saurayi ne ya kawo shawarar cewa ran 18 ga Disamba, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe tun 2000 domin mutanen da suka bar ƙasashensu zuwa wasu, mu ma mu fito mu yi jerin gwano har ƙofar Lamiɗo, mahauta da masu kilishi da maɗinka da wanzamai, kowa da kayan sana'arsa, domin gari ya ga abin da baƙi suka tsinana masa. Bai rufe baki ba wani dattijo ya tare shi da magana biyu. Ta farko, wai wannan riya ce. Ta biyu, wa ya ce masa mu baƙi ne?

Maganarsa ta biyu tana da ƙarfi. Tun bayan da Modibbo Adama ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, fatake da malamai daga Kano da Katsina da Zazzau suke biyo hanyar Adamawa, wasu da tufafi, wasu neman hauren giwa da goro, wasu da allo da tawada. Lokacin da Jamusawa suka ci Garwa a 1901, sun tarar da Hausawa a kasuwa. Babu ƙasa mai suna Kamaru a taswira sa'ad da kakannin wasunmu suka kafa bukka a bakin wannan kogi. Yau jikokinsu da dama sun fi jin Fillanci da Faransanci a kan Hausa. Saboda haka idan aka tsayar da ɗayanmu a shingen hanya aka ce masa ɗan Nijeriya domin hularsa ko sunansa, dole abin ya yi ciwo, kuma mun san dalilin da ya sa dattijon ba ya son kalmar baƙo ta raɓe shi.

To amma mu Musulmi ne, kuma kalandarmu da hijira ta fara. Sahabbai a zamanin Sayyidina Umar suna iya fara lissafi daga haihuwar Manzon Allah (SAW) ko daga saukar wahayi, sai suka zaɓi shekarar da ya bar garinsu ya sauka a garin wasu, wato 622. Kafin nan ma Musulmi sun fake a Habasha wurin Najjashi, sarki Kirista. Abdurrahman ɗan Aufu kuwa, da ɗan'uwansa na Madina ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, godiya ya yi, ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa kawai. Duk wanda ya san Bahaushe a baƙon wuri zai gane wannan hali. Ina abin kunya a cikin asalin da ya yi kama da na Muhajiruna?

Batun riya kuma, malamai sun bambanta tsakanin mai nuna aikinsa domin a yabe shi da mai bayyana ni'imar Allah, ko mai fitowa domin a kawar da wani zalunci. Niyya ce ke raba su. Idan mun fito domin a tafa mana ne, dattijo ya yi gaskiya, mu zauna a gida.

An taɓa yin irin wannan fitowa a Faransa a 1983. Wasu 'ya'yan baƙi, yawancinsu iyayensu daga Arewacin Afirka, suka tashi a ƙafa daga Marseille a watan Oktoba, suka isa Paris ran 3 ga Disamba, inda mutane wajen 100,000 suka tarye su. Cikin waɗanda suka tsaya musu tun daga farko har da wani limamin Katolika, Christian Delorme, alhali yaran galibi 'ya'yan Musulmi ne. Shugaba Mitterrand ya gana da su, kuma daga nan aka samu takardar zama ta shekara 10. Abin da ya ja hankalinmu shi ne limamin. Shi takardunsa cikakku ne, ba wanda ya taɓa tambayarsa daga ina ya zo, amma ya ɗauki takalminsa ya bi su.

A nan ne muka saɓa da saurayin ma. Jerin gwanon da ya tsara na Hausawa ne zalla, alhali kuwa a Garwa ta yau mun daɗe da tashi daga sahun Muhajiruna, mun koma sahun Ansaru, masu masauki. Baƙin suna nan bayanmu. Ga manoman Tupuri da Mafa da Giziga da suka gangaro kwarin Binuwai tun shekarun 1970, waɗanda audugarsu ke cika motocin Sodecoton. Ga masuntan da suka taru a tafkin Lagdo bayan an gama madatsar ruwa a 1982, wasu daga Cadi, wasu daga Nijeriya, har da Mali, kifinsu muke ci. Ga 'yan gudun hijirar Afirka ta Tsakiya, ga kuma na sansanin Minawao kusa da Mokolo, wanda aka buɗe a 2013 domin waɗanda Boko Haram ta koro. Mu tambayi kanmu da wane suna muke kiransu idan sun juya baya, da kuma nawa muke yanka musu kuɗin haya. Mu da aka daɗe ana ce mana Haɓe, bai kamata sai an tuna mana ɗacin laƙabi ba.

Garin nan kuwa ya iya karɓar baƙo idan ya so. Duk wanda ya je filin Rumde Ajiya a Janairun 2022, ranar da Nijeriya ta ci Masar 1 da nema a gasar cin kofin Afirka, ya ga yadda Garwa ta yi sowa kamar 'ya'yanta ne a fili. Sai dai waɗancan baƙi ne na mako biyu, masu kwana a otal.

Idan har za a fito, to a fito da buƙata a hannu kamar yaran Faransa, kuma tamu ba ɓoyayya ba ce: takardar haihuwa. Yara da yawa a Arewa, namu da na baƙin, suna kaiwa ajin ƙarshe na firamare sannan a gane ba su da ita, jarrabawa ta wuce su, gobe kuma katin shaidar ɗan ƙasa ya gagara. Yaron da aka haifa a Hausare ko a bakin Lagdo, idan ba takarda, kowane jandarma yana iya mayar da shi baƙo.

Dokar da aka yi a Disamba 1990 ta ce a sanar da hukuma kwana 7 kafin fitowa kan titi. Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne a aika wa limamai da fastoci da shugabannin masunta da manoma, a zauna da su tun kafin a rubuta takardar. Mun faɗa wa saurayin haka, ya ce zai fara da cocin da ke kusa da shagonsa. Dattijo dai bai ce ya yarda ba, amma ya tambaya ko za a samo masa kujera a inuwa.