Ciwon Ƙoda da Haihuwar Namiji: Maganar da Kunya Take Rufewa

A ƙasar Hausa, idan aure ya shekara uku ba a ji kukan jariri ba, ido yakan koma kan matar. Ita ake kaiwa wurin mai magani, ita ake yi wa kishiya. Alhali kuwa akwai magidantan da ciwon ƙoda ne ya tsayar musu da haihuwa, kuma a ganina ɓoye musu wannan magana zaluntar mutum biyu ne.

Ɗalibin kimiyya ya san aikin ƙoda shi ne tace jini. Idan ta gaza, dattin da ya taru yakan raunana 'ya'yan maraina, sai su rage samar da sinadarin mazantaka, wato testosteron. Wani sinadari kuma mai suna prolaktin yakan yi yawa, ya danne saƙon da ƙwaƙwalwa take aika wa maraina. Daga nan sha'awa ta ragu, ƙwayoyin maniyyi su yi ƙaranci, waɗanda suka samu ma motsinsu ya yi rauni. Wankin ƙoda da na'ura yana tsawaita rai, amma bai cika gyara wannan ba.

Dashen ƙoda shi ne ke sauya labari. Ranar 23 ga Disamba 1954, a birnin Boston na Amurka, likita Joseph Murray ya dasa wa Richard Herrick ƙodar ɗan tagwayensa Ronald, dashen farko da ya yi nasara a duniya. Richard ya auri ma'aikaciyar jinyar da ta kula da shi, suka haifi 'ya'ya 2. Ga maza da yawa, testosteron yakan farfaɗo cikin watanni bayan dashe. Maniyyi ya fi jinkiri, domin ƙwayarsa tana ɗaukar kimanin kwana 74 kafin ta nuna. Wasu kuma, musamman waɗanda suka daɗe cikin ciwon, maniyyinsu ba ya dawowa yadda yake. Wannan ba labarin nesa ba ne, tunda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda a 2002.

Sai batun magunguna, wanda a nan kunya ta fi yin ɓarna. Wanda aka yi wa dashe dole ne ya riƙa shan maganin da ke hana jiki ƙin sabuwar ƙodar. Ɗaya daga cikinsu, sirolimus, an tabbatar yana rage maniyyi, kuma sau da yawa likita yana iya musanya shi da wani. Cyclophosphamide, da ake ba wasu masu kumburin ƙoda, yana iya lalata haihuwa har abada, shi ya sa ake ba da shawarar adana maniyyi kafin a fara shi. To, mai karatu, ta yaya likita zai yi wannan tanadi idan bai tambaya ba, majinyacin kuma ya yi shiru? Mafi muni shi ne mutum ya daina magani a ɓoye don neman ɗa, ko ya koma ga haɗe-haɗen ƙarfin maza na kasuwa, ya kashe ƙodar da ɗan'uwansa ya ba shi.

Don haka nake ganin tambayar "kana son haihuwa nan gaba?" ta cancanci wuri a ganawar farko, kusa da awon jini da na fitsari, kuma a yi ta matar tana zaune.