Ƙorafi Kan Dutsen Dala da Labaran Fatalwa da Ake Fakewa da Su

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
ta hannun Mai Unguwa.

Ranka ya daɗe, mu mazauna gindin Dutsen Dala ne muka kawo kukanmu gabanka.

Da an idar da sallar isha'i, hanyar da ta bi ta gindin dutsen sai ta ɗauke ƙafa. Mata sun daina aiken yara ta nan, mai shayi ma da wuri yake kife tukunya. Dalili kuwa wai fatalwa. Yau a ce an ga mace da farin mayafi tana saukowa daga matattakala, ƙafarta kofato, gobe a ce an ji kiɗa a saman dutse, Tsumburbura ce ta tashi. Mu da muke kwana a nan mun san masu wannan fatalwa. In gari ya waye, kwalaben maganin tari da guntayen wiwi da tsumman sholisho muke sharewa, ga bahaya a kowane lungu. Aljani dai ba ya shan kodin. Samari ne suke jifa da duwatsu cikin duhu, suna kukan ƙarya, don kowa ya kauce ya bar musu wurin.

Ranka ya daɗe, abin da ya fi ci mana rai shi ne sunan da ake fakewa da shi. Tsumburbura tana cikin Tarihin Kano: abin bautar mutanen Dala ce kafin Musulunci, a wata bishiya da aka kewaye da katanga, babu mai shiga sai Barbushe. Shi yake karɓar yankan baƙaƙen dabbobi, ya fito ya gaya wa jama'a abin da shekara za ta zo da shi, har ya faɗi zuwan baƙon da zai mallake su. Bagauda ya zo, aka fara lissafin sarakuna daga 999. Sarki Tsamiya ya rushe katangar, Musulunci ya kafu a zamanin Yaji da zuwan Wangarawa, Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya ƙara masa ƙarfi. Masu tona ƙasa kuma sun gano cewa ana narka tama a nan tun ƙarni na 7. Daga gindin dutsen nan Kano ta tashi.

Amma ɗaliban makaranta in an kawo su, wa ke tarbarsu? Wani yaro ne zai karɓi ɗari biyu, ya nuna rami ya ce nan aljana take haɗiye mutane. Malamin ya yi shiru, yara su rubuta a littafi su tafi da shi gida.

Muna roƙo a taimaka a kai maganarmu gaba. A sa fitilu masu aiki da hasken rana a matattakala da saman dutsen, a ba 'yan sintirinmu izini da goyon baya su riƙa zagayawa da dare. A kafa allo mai ɗauke da tarihin wurin da boko da ajami, a kuma ɗauki 'yan unguwa biyu ko uku a koya musu shi, su zama masu yi wa baƙi jagora. Shara kuwa mun ɗauki nauyinta duk Asabar, in an ba mu baro da shebur.

Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya.

Mu ne naka,
dattawa da matasan gindin Dala.