SABON IRIN TUMATIR: A GWADA KAFIN A BAZA

Tun daga 1984, shekarar fari, da hukuma ta yi kiran a dage ga noman rani, tumatir ya zama babban abin dogaro ga manoman fadamun Dogarawa, da Gulbin Maraɗi, da koramun Damagaram. Amma matsala guda tana nan. Daga Janairu zuwa Maris tumatir yakan cika kasuwa, ya faɗi warwas, har manomi ya yanka shi ya shanya kauɗa. In bazara ta kama, damina ta biyo, sai ya yi wuya, ya yi tsada.

Dalili shi ne zafi. Irin Roma, wanda aka saba da shi, ɗan sanyin hunturu ne. In zafin rana ya wuce digiri 35, dare kuma bai huce ba, furensa yakan kaɗe ba tare da ya ɗaura ɗa ba. Saboda haka masana suka nemo iri masu jimiri. Akwai Xina, daga Senegal. Akwai Icrixina, wanda cibiyar ICRISAT ta zaɓo a Nijar domin damina. Akwai kuma Mongal F1, mai jure zafi da tsutsar da ke kumbura saiwa.

Wannan ci gaba ne. Sai dai hoton da ke jikin gwangwanin iri ba shi ne amfanin gona ba. Irin da ya yi albarka a tashar gwaji, inda taki da ruwa suke wadace, yana iya gazawa a jigawa ko wajen rijiya mai ƙafewa. Kuma duk irin da aka rubuta wa F1 haɗaɗɗe ne: yana da tsada, in an ɗebi iri daga ƴaƴansa ba ya maimaita halin uwarsa, dole a saye sabo kowace shekara. Icrixina kuwa ana iya ajiye irinsa. Haka nan ba a dogara ga iri kaɗai wajen tsutsar Tuta absoluta, wadda ta halaka gonakin Kano da Kaduna a 2016.

Don haka wajibi ne INRAN, cibiyar binciken noma da aka kafa a 1975, da malaman gona, su kai gwaji cikin garakan manoma, gunduma gunduma, rani da damina, su bayyana sakamako da Hausa. Shi kuma manomi kada ya ba da garkarsa duka ga baƙon iri. Ya ware fangali biyu ko uku kusa da tsohon irinsa, ya ba su taki da ruwa daidai, ya ƙidaya kwandunan kowanne, ya duba wanda ke jure tafiyar mota, ya rubuta kuɗin da ya kashe da wanda ya samu. Waɗanda suka yi yaƙi da jahilci su riƙe wa ƙungiyoyinsu wannan lissafi. Irin da ya ci gwajin shekara biyu a ƙasar gari, shi ya cancanci a baza.